Dambun da Inna Ta Yi wa Auta

Osaka, Litinin

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya mutanen gida? Ga wasiƙar da kika ce in riƙa rubutawa da hannuna, tunda kunnenki ya daina shiri da waya. Zan ɗauki hotonta in tura wa Yaya Ikilima ta karanta maki da ƙarfi.

Mun sauka lafiya. Oga Chiemeka yana gaishe ki. Ya ce ki kwantar da hankalinki, tsofaffin injinan mota ya kawo ni in duba masa, ba aure ba. Kwantena na cika zai mai do maki autanki shagonsa na Daura.

Inna, garin nan ya fi ƙarfin bakina. Mutane kamar an watse daga Idi, amma ba ka jin muryar kowa. Cikin jirgin ƙasa na yi wa wani dattijo sallama, ya sunkuya, na sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, har Oga ya ja rigata. Jiya da yamma mun bi wata unguwa a bakin ruwa inda aka rataye wata ƙaguwa ta roba, ta kai girman ɗakinki, tana motsa ƙafafu a saman ƙofar gidan abinci. Na ga ana toya wani abu kamar ƙosai, na miƙa hannu. Ashe naman ruwa ne a ciki, mai ƙafa takwas. Na tauna, na tauna, abin ya ƙi mutuwa. Oga kuwa kin san shi, hannunsa ba ya nisa da aljihunsa, burodi da shayi muke ci safe da yamma.

Amma ni ba ruwana, ina da dambun naman da kika yi mani. Kullum sai na ɗiba. Allah ya saka da alheri, ya bar mana ke.

Naki,
Sabiru

Yaya, wannan naki ne, kada ki karanta mata. Babu dambu. A filin jirgi wani ɗan kare ya zo ya zauna gaban jakata, ma'aikata suka buɗe, suka ce dokarsu ta hana shigo da nama. Da ladabi suka karɓe, har da ba ni haƙuri. Ragon da ta yi shekara tana kiwo, Yaya. Ina tsaye aka ɗaure ledar aka tafi da ita. Amana ce, kada ta ji.

*

Daura, Talata

Zuwa ga Kawu Nagoggo, Kongolam

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ya kasuwa, ya iyali? Na kira wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Maliki direba wannan.

Inna ba lafiya. Tun ranar da ta yi aikin dambun Sabiru take riƙe ƙirji. Na hana ta, ta ce ba mai daka wa autanta nama sai ita. Ta wuni gaban murhu, ta dafa, ta daka, ta soya, hayaƙi na cin idonta. Washegarin tafiyarsa ta faɗi a bakin randa. Muna asibiti yanzu. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, in da wanda take son gani a kira shi.

Kawu, ka san wanda take son gani. Jiya na karanta mata wasiƙarsa, ta yi dariyar naman da ya ƙi mutuwa har tari ya sarƙe ta. Ina neman izininka in gaya masa gaskiya. Ko bai samu jirgi ba, ya san halin da ake ciki, ya nemi gafararta, ta sa masa albarka yana ji. Tsoro nake ji, Kawu, kuma ni kaɗai ce a nan.

'Yarka,
Ikilima

*

Kongolam, Talata

Ikilima,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Gobe in an tashi kasuwa ina nan tafe. Allah ya ba Yaya Shatu lafiya.

Batun yaro, ban yarda ba. Ba a aika wa matafiyi mugun labari. Haka muka taras, kuma ba don wauta aka yi ba. Ke ba ki san Sha'aban ba, ƙanenmu ne, ni da uwarki. Yana kudu da shanu mahaifinmu ya kwanta, wani mai saurin baki ya kai masa labari. Ya bar shanun ya hau motar da ya fara samu. Ba ta iso ba. Tsoho ya tashi ya ƙara shekaru a duniya, Sha'aban ko kabarinsa ba mu sani ba. Ki tambayi uwarki, za ta gaya maki abin da na gaya maki.

Sabiru yana ƙasar da bai san kowa ba, bai iya bakinsu ba. In kin ɗaga masa hankali, wa zai riƙe shi? Saura mako ɗaya ya dawo. Ciwo ba mutuwa ba ne. Ki ce masa jiki da sauƙi, ki bar sauran ga Allah.

Kawunki,
Nagoggo

*

Daura, Laraba

Sabiru,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, na karanta mata sau biyu, ta ce in ƙara. Ta ce in gaya maka kada ka ƙara cin abin da ba ka ga an yanka ba. Ta ce ka riƙa rufe ledar dambu da kyau saboda iska. Na ce to.

Ta ɗan ji jiki kwanan nan, amma da sauƙi. Kawu ma zai leƙo yau.

Auta, ka kira ta waya mai hoto. Na san ba za ta ji ka ba, ta dai ga fuskarka. Kada ka ce sai ka samu sarari, injin mota ba ya gudu. Ka kira yau. Ban saba roƙonka abu ba.

Yayarka,
Ikilima

*

Daura, Alhamis

Zuwa ga Malam Chiemeka Okafor,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Nagoggo, kawun Sabiru. Maiɗakinka Madam Ursula ce za ta tura maka wannan. Tun Talata take zarya asibiti da abinci, Allah ya biya ta.

Allah ya yi wa mahaifiyar Sabiru rasuwa yau da hantsi. Mun kai ta bayan Azahar.

A Daura ka girma, ka san al'adarmu. Ina roƙonka kada ya ji daga bakinka, kada ya gani a fuskarka. Na hana 'yan'uwa da abokansa yi masa ta'aziyya ta waya. Ka ɗauke masa hankali, kada ka bar shi shi kaɗai, ka tabbata yana cin abinci. Ni zan tare ku a filin jirgi na Kano ranar Talata, in gaya masa da bakina, a ƙasarsa, kusa da mutanensa. Na ɗora maka nauyi, ka yi haƙuri.

Nagoggo

*

Osaka, Asabar

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya ƙarfin jiki? Yaya ta ce kin ɗan ji jiki. Na san halinki, kin ƙi zama ne. Ki huta don Allah.

Ki gafarce ni ban kira ranar Laraba ba. Mun fita bayan gari wajen da ake tara matattun motoci, muka wuni cikin baƙin mai, na dawo na faɗi kamar buhu. Na ce gobe. Ranar Alhamis na kira, Yaya ba ta ɗauka ba. Ki yi mata faɗa.

Yanzu ga labari. Inna, Oga ya canza. Jiya Juma'a ya ce ba aiki, yawo za mu. Shi da kansa ya nemo masallaci, ya raka ni, ya zauna a waje yana gadin takalmana har aka sallame. Daga nan ya kai ni tsohon gidan sarkinsu. Ruwa ya kewaye shi, ganuwarsa ta dutse ce, wani dutsen ya fi shagonmu faɗi. Muka hau har ƙololuwa, na ga garin bai da ƙarshe. Na ce wa Oga da Inna na nan da ta ce duk wannan ba su da rijiya ko ɗaya mai tarihin Kusugu. Bai yi dariya ba, ya ce mu sauka.

Sai gidan kifi. Sun gina wa kifaye bene na gilashi, kana tafe suna wucewa ta gefen kunnenka. Akwai wani mai ɗigo-ɗigo, ya kai tsawon motar Maliki, yana ta zagaye shi kaɗai, ba ya tsayawa. Na daɗe ina kallonsa. Ban san dalili ba sai na ji ya ba ni tausayi.

Da yamma ya kai ni gidan abinci na halal, har da takardar shaida a bango. Naman sa ne, an yanka shi fale-fale kamar za a yi kilishi, ga ɗan murhu a tsakiyar tebur, kowa na gasa nasa. Yana narkewa a baki. Na kasa riƙe tsinkayen da suke ci da su, wata tsohuwa mai aiki a wurin ta kawo mani cokali, ta dafa kafaɗata tana dariya. Hannunta irin naki ne, duk jijiya. Oga sai tura mani nama yake, yana cewa, "Ci, Sabiru, ci." Mutumin da ke raba burodi ɗaya gida biyu. Amma gaskiya bai kai dambunki ba. Saura kaɗan, ina ta lallaɓa shi.

Na saya maki bargo mai laushi saboda ƙafarki. Talata in sha Allah ina gabanki.

Naki,
Auta

Yaya, naki. Muna cikin ci na ce bari in ɗauki hoton naman in tura a nuna wa Inna. Na ɗago na ga idon Oga ya cika da ruwa. Ya ce wani koren yajinsu ne mai hawa hanci. Na yarda, har na yi masa tsiya. Sai da muka tashi na lura nasa yajin yana nan yadda aka kawo shi, ko taɓawa bai yi ba. Shi ya ɗaukar mani jaka har masauki. Kwana biyu ba abokin da ya turo mani ko gaisuwa. Don girman Allah ki gaya mani.

*

Daura, Asabar

Auta,

Inna ta rasu ranar Alhamis da hantsi, kanta a cinyata. Sa'ad da ka kira ana yi mata wanka, ina kallon wayar. Kawu ya hana a gaya maka, ni kuma na bi, har lokaci ya wuce. Ka yafe mani. Kada ka riƙe Oga, roƙonsa aka yi.

Ta yafe maka, ta sa maka albarka. Ta tambaya ko kana cin dambun, na ce kana ci kullum. Ta ce madalla. Taka amanar na riƙe.

Ranar da ta soya shi ta ɗebi kwano guda ta ɓoye, ta ce na dawowarka ne. Yana nan a ɗakinta, ban bari kowa ya taɓa ba.

Ka zauna kusa da Oga. Ka dawo a hankali.

Ikilima