Siminti a ramin yumɓun Zonkwa

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwajin Ma'adinai,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Sunana Rifkatu, malamar kimiyya a wata sakandare a Kafanchan. Ina hutun karatu don digiri na biyu, bincikena kuwa a kan yumɓun da matan ƙauyenmu, kusa da Zonkwa, ke gina tukwane da shi. Na kawo muku samfuri don a niƙa, a haska shi da eksire, a karanta tsarin ƙwayoyin zarrarsa daga yadda hasken ya tarwatse.

Ƙorafina uku ne. Na farko, sakamakonku ya ce akwai sinadarin siminti a yumɓun. Kakata ta tsufa tana haƙa a ramin da na ɗebo shi, ba ta taɓa sanin a kan masana'anta take zaune ba.

Na biyu, da na dawo neman bayani, na tsaya ina kallon ma'aikacinku yana aiki. Ƙaramin turmi ɗaya gare shi. In ya gama da samfuri, sai ya hure turmin da baki, ya goge da gefen rigarsa, ya zuba na gaba. Rajistarku ta nuna cewa wanda ya riga ni a ranar da aka gwada samfurina daga kamfanin bulo yake. A gidanmu ko turmin da aka daka citta ba a zuba masa acca sai an wanke.

Na uku, na nemi ragowar yumɓuna don a sake gwajin. Aka ce mai shara ta ɗauka ƙasa ce, ta zubar. Ba ta yi kuskure ba. Ramin kuma yanzu ruwan damina ya cika shi, ba zai shigu ba sai rani, hutuna kuwa ƙarshen watan nan zai ƙare.

Roƙona biyu ne. Ka rubuta wa malamin da ke duba aikina cewa gurɓacewar daga ɗakinku ta fito, don da takardarka kaɗai za a ƙara mini lokaci. Sannan a sa wa turmin nan ruwa.

In takardar ba ta fito ba, zan koma aji ba digiri. Darasin farko a manhajar 'yan aji huɗu shi ne wanke kayan gwaji, kuma ni zan koyar.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci aikin hannuwanku.

Wassalam.