Sirdin Keken Baba

Yaya Jethro,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. Ɗazu Baba ya sake ɗaga sirdin keken motsa jikinsa, wai haka yake hawan nasa lokacin da yake aikin masaƙa a Kakuri. Ƙafarsa mai ciwon ba ta kai feda ba. Ya maƙale a sama, ya kasa sauka, kuma ya ƙi kiran kowa. Da na fito daga wanka na tarar da shi yana ta zufa.

Don Allah ka sauke sirdin, ka ɗaure notin tam, ka ɓoye sifanar. Kada ka yi masa faɗa. Ka kuma juya keken ya kalli taga. Ya ce ya gaji da tuƙi, kullum bango ne a gabansa.

Rifkatu