Kunnen Shuwayya da Ƙaryar da Na Yi Miki

Al Karama, Dubai
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Bilqis,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggonki Hafsa da duk mutanen gidan. Yaya Dutse, yaya bautar ƙasa, yaya yaran da aka ba ki koyarwa? Allah Ya sa ki gama lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Don Allah ki riƙa shiga gidan sauro, jikinki ya daɗe rabonsa da sauron gida. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwata ta yi sauƙi, yayanki kuma kullum yana can wajen aikinsa na lodin kaya, ya fita da asuba sai magariba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kowace Juma'a muna waya. To, akwai maganar da bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro, yayanki zai ɗauki hotonta ya turo miki. A kan ɓeran nan naki ne, Shuwayya. Sau uku kina cewa in juya waya ki gan shi, sau uku ina ce miki barci yake a cikin ɗan ɗakinsa. Ba barci yake ba. Ƙarya na yi miki. Ba shi da lafiya, kuma da hannuna a ciki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ni, na san halinki.

Ranar da za ki tafi kin kama hannuna a filin jirgi kin ce amana ce. Ni da na yi shekara talatin a Fagge ina ɗana tarko, ina kiwon kyanwa don kare buhun gero, ni aka bar wa amanar ɓera! Amma na karɓa. Da na duba abincin da kika bari, waɗannan 'yan dunƙule-dunƙulen masu kama da abincin kaji, sai na ga ba yadda za a yi mai rai ya zauna a gidana yana cin wannan kaɗai. Na fara gutsura masa ƙuli-ƙulin da aka kawo mini daga Kano. Ya karɓa da hannu biyu kamar mutum, ni kuma na ci gaba, safe da yamma. Sannan takardar shimfiɗarsa ta ƙare. Yayanki ya ce ina dalilin neman wata, ga garin katako nan jibge a sito inda ake buga akwatunan kaya. Ya ciko leda ya kawo, muka zuba.

Ba a yi kwana goma ba ya fara susa. Bilqis, ban taɓa ganin susa irin wannan ba. Ƙafar baya tana tafiya kamar keken ɗinki, ya sosa wuya, ya sosa bayan kunne, ya ɗan tsaya ya koma. Ina kan sallaya ina jin ƙaf-ƙaf-ƙaf a jikin kejin, har na rasa raka'a nawa na yi. Gashin wuyansa ya zube, wurin ya yi ja, ƙuraje suka fito suka yi ɓawo. Na ce ai ƙazuwa ce, kuma ƙazuwa ba baƙuwata ba ce, na yi jinyarta a jikinku ku biyu. Na naɗa auduga a tsinke, na lakato man kaɗanya, na zura ta tsakanin ƙarafa na shafa masa, don kin san ba zan taɓa shi ba. Ya lashe abinsa tas. Na tsinko ganyen darbejiya a bishiyar bakin masallaci na dafa, na sa yayanki ya sa safar hannu ya riƙe shi muka yi masa wanka. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki. Ɗan abin nan ya dunƙule yana karkarwa har na ce shi ke nan, ya tafi. Washegari na tarar da jini a kunnensa na hagu, ya yage gefen da farcensa.

Ana cikin haka Hajiya Ummulkhair ta zo sari daga Kano ta biyo gaishe ni. Ta leƙa kejin, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce wai Dubai ta gama da ni, in da a kasuwar Kwari za ta ba da labarin nan ba wanda zai yarda. Ta ce ɓera ai ɓera ne, fari dai fari ne, mu je kanti mu sayo wani mu zuba a kejin, shi ke nan, kafin ki dawo wa zai gane? Ba zan ɓoye miki ba, na bi ta. Mun je, ga su nan sun fi ashirin a cikin gilashi, farare tas, ba mai ko ƙurji ɗaya. Na nuna ɗaya, har mai kantin ya sa shi a kwali. Sai na tambayi Hajiya, shi na gidan fa, ina za mu kai shi? Ta ce bayan gininmu mana, wajen kwandon shara, kyanwowin Karama ai ba sa barin aiki ya kwana. Na tsaya riƙe da kwalin nan. Na tuna ƙarya uku da na yi miki, ga ta huɗu a hannuna, mai rai, wadda zan riƙa ba abinci kullum har ki dawo, in kuma zuba ido kina kiranta da sunan wani. Na ajiye kwalin. Hajiya ta yi ta mita har bakin tasi, wai na ɓata mata yammaci.

Ranar Asabar na tasa yayanki a gaba muka tafi asibitin dabbobi. Ki ji abin da ya fi ƙona mini rai. Yarinyar da ke rubuta suna ta tambayi sunan marar lafiya da sunan gidansu, yayanki ya faɗa ba tare da ya shawarce ni ba. Ina zaune tsakanin wata mai kare da wani mai aku, sai na ji an ɗaga murya ana kiran Shuwayya Ɗalhatu. Sunan marigayi mahaifinku, Bilqis, a jikin ɓera! Kuma dole na miƙe na amsa.

Likitar mace ce, mai haƙuri, yayanki yana fassara. Ta manna salatif a gashinsa ta ɗaga, ta sa a madubin likita, ta ce in leƙa. Wasu 'yan ƙwari ne, sun fi ƙwarƙwatar kaji ƙanƙanta, suna motsi. Ta ce ba sa kama mutum, na ce alhamdulillahi, don ni ma na fara susa saboda zargi. Ta ce garin katakon nan yana cin fatarsu, kuma mai yiwuwa ta nan ƙwarin suka shigo. Ta tambayi abin da yake ci. Yayanki ya sha wuya kafin ya bayyana mata ƙuli-ƙuli, da ta ji gyaɗa ce sai ta dafe kai, ta ce tana ƙara wa wasunsu ƙaiƙayi. Wanka kuma ta ce kada a kuma, sanyi yana kashe su. Ta yanke masa farcen baya, ta ɗiga magani a ƙeyarsa, ta ce a maimaita duk mako har sau uku, a wanke kejin da ruwan zafi, a koma shimfiɗar takarda. Daga ƙarshe ta shinshina mayafina ta ce a daina turaren wuta a ɗakin da yake. Ni da ɗakina! Yanzu a kicin nake turara kayana kamar mai yin abin kunya.

Maganin na biyu ranar Asabar ɗin da ta wuce ya kama, yayanki kuma an kira shi wajen lodin kwantena. Na zagaya kejin nan ya fi sau goma. Daga baya na yi bismillah na zura hannu, ba safa, don da safa zamewa yake. Ashe ba shi da nauyin komai. Zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna da sauri, tawa ma haka. Bai cije ni ba. Na ɗiga, na mayar da shi, na wanke hannu sau bakwai.

Ga gaskiyar yadda yake yau. Susar ta ragu sosai, ɓawon ya fara faɗuwa, gashi yana tsirowa kamar gashin jariri. Amma gefen kunnen da ya yage ba zai dawo ba, haka za ki same shi. Likita ta ce wasu ko an kashe ƙwarin sukan ci gaba da susa don sun saba, sai mun sa ido. Ban yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ki yafe mini ɓarnar da na yi cikin rashin sani, ƙaryar kuma na san ta fi ciwo, ita ma ki yafe. Amma ke ma kina da laifi, in faɗa miki. 'Ya'yan mutane suna bar wa iyayensu tukunyar fulawa su riƙa ba ta ruwa, ke kin bar mini abin da ya hana ni turare.

Ki gaishe mini da Gwaggonki Hafsa, ki ce na gode da riƙon da take miki. Ki gaida Malam Zainul Abideen, da Muhsinat da jaririnta, Allah Ya raya. Kada ki ba su labarin nan, musamman maganar sunan. Yayanki yana gaishe ki, ya ce garin katakon laifinsa ne, ki rage masa faɗa.

In kin karanta ki kira ni ki yi duk faɗan da za ki yi, zan saurara, in juya miki waya ki gan shi da kunnensa yadda yake. Sai dai ba ranar Asabar da hantsi ba, ranar maganinsa na uku. Lokacin hannuna ba zai samu damar ɗaukar waya ba, ina riƙe da shi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Halima Sa'adiya