An Wanke Zanenki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kina cikin rahamar Allah. Ni ce ɗiyarki Rakiya. Baba yana lafiya, Gwaggo Hure ma, wadda ta zo daga Sabon Maci ta zauna da mu tun bayan rasuwarki. Na shiga kwaleji bana. Ba na iya faɗin wannan magana da baki, shi ya sa na rubuta.

Inna, an wanke zanenki.

Shuɗin nan mai ganye, wanda kike ɗaurawa in za ki daka. Da aka raba kayanki shi aka ba ni. Na ninke shi na sa a ƙasan akwati, ban taɓa barin ruwa ya taɓa shi ba, domin ƙamshinki yana ciki: hayaƙin murhu, man shanu, da turaren da kike sawa ranar Juma'a. In kewarki ta dame ni sai in buɗe akwati in sa fuskata.

An shirya tseren gudu na 'yan makaranta a kan babbar hanya, mushe, wato malaminmu, ya rubuta sunana. Kin san ƙafata. Ke ce kike cewa in an aike ni rijiya, kafin ki juya na dawo. Aka ba mu wando iya gwiwa. Sauran 'yan mata suka sa, suna ta dariya. Ni kuwa na kasa fita da shi haka. Dukan Dakoro za ta tsaya bakin hanya, har da abokan Baba. Sai na ɗaura zane a kan wandon. Ina da nawa, amma naki na ɗauka, don ina so ki raka ni.

Ina cikin na gaba, Inna. Har na hango inda aka ja igiyar ƙarshen tsere. Sai na ji zanen yana kwancewa. Na kai hannu in kama shi kada ya faɗi a ƙasa a tattake, bakinsa ya harɗe mini ƙafa. Na kife a kan kwalta.

Gwiwata ta tsage, tafin hannuna ya saɓule. Mutane suka taru a kaina. Wani tsoho ya ce a zuba ƙasa jinin ya tsaya. Sai ga wata mata cikin masu agaji, da jakar magani, ta ce kada wanda ya zuba komai. Ta so ta ɗaga zanen ta duba, na riƙe shi da hannu biyu, ga maza tsaye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kore su, ta kwance zanen a hankali, ta ba 'yan ajinmu biyu suka riƙe shi kamar labule.

A bayan zanenki aka yi mini magani. Ta wanke ciwon da ruwa mai tsabta, ta fidda tsakuwa, ta shafa jan magani, ta ɗaure. Tana yi tana hura mini, yadda kike yi in na ƙone. Ta ce, "Yi kukanki, ɗiyata, ba mai ganinki." Na yi. Ta zaci zafin magani ne.

Da na ɗago na ga jini ya ɓata gefen zanen, ga jar ƙasa. Ban damu ba. Na yi niyyar in mayar da shi akwati a haka.

Muna isa gida barci ya ɗauke ni. Na farka da la'asar na gan shi a kan igiya yana ɗiga. Gwaggo ta ce sai da ta sa sabulu sosai kafin jinin ya fita, ta ce in duba, ya koma kamar sabo. Don ta faranta mini ta yi. Na ce na gode.

Da ya bushe na kai shi ɗaki na sa fuskata. Na juya kowane gefe. Sabulu kawai.

Gwiwar tana warkewa. Mushe ya ce baɗi zan sake gudu. Yanzu in Gwaggo ta hura wuta nakan zauna kusa da murhu da zanen a kafaɗata. Hayaƙin yana kamawa. Sauran ne ban san inda zan samo ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki ji ƙamshin Aljanna. In Ya haɗa mu, ki bar ni in sa fuskata a jikinki, in daɗe.

Ɗiyarki,
Rakiya