Kada Kowa Ya Goge Tagullar

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku ce na rubuta wannan da hannuna, a kan teburin da nake naɗe kayan aikawa, ina cikin hayyacina, hankalina garau. Jiki ne ya gaji, shi ma bai yi laifi ba, ya yi aiki. Ranar Talata likita ya yi ta kewaye-kewaye yana kallon takarda maimakon fuskata, na gane abin da ya kasa faɗa. Saboda haka ku ukun, Babba da Dogo da Auta, ku karanta wannan kuna zaune wuri ɗaya. Na san ba ƙaramin abu na roƙa ba, tunda shekara biyu ke nan Babba da Dogo ko gaisawa ba sa yi, kuma rabon Babba da ta wuce falona ya kai haka. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Sauran maganar duk ta kaya ce.

Na ɗaya. Gida da ɗan abin da ke banki a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa. Amma tsofaffin kayan da ke ɗakin baya, kada ku kira dillali ya kwashe su mota guda don kun gaji da ganinsu. Kowane abu yana da kati ɗaure da zare, na rubuta inda na samo shi da shekarunsa da aibinsa. Ku sayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ɗabi'ar kati daga ofis na taho da ita. Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin ajiye fayil na kamfanin inshora, a ƙasan bene, ba taga, sai fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Bayan rasuwar babanku da wannan albashin na ƙarasa rainonku. Da aka kawo kwamfuta sai aikina ya koma ɗaukar hoton fayilolin da na tsara da hannuna, in gama in zuba su a buhu a kai a ƙona. Wata rana aka fito da tsohuwar tafireta za a jefar, na roƙa aka ba ni. Dogo ya ɗauki hotonta da waya ya sa a intanet da wasa, kwana biyu wani ya saye ta da kuɗin da ya kusa rabin albashina. Bayan shekara guda na ajiye aiki, saura huɗu kacal in kai fansho cikakke. Manaja ya yi min fatan alheri bai ko ɗago kai ba. Babba kuwa ta yi ruwa ta yi tsaki, ta ce a matsayinta na ma'aikaciyar jinya ta ga tsufan da ba fansho, ba abin sha'awa ba ne. Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Na biyu. Dogo, shafin sayarwa naka ne, da wayar, da farin ƙyallen da muke shimfiɗawa a bakin taga don hoto. Na ba ka tun ina da rai, lambobin sirri suna bayan littafin oda. Akwai kwali biyu a bakin ƙofa da aka saya ban samu aikawa ba, garmaho da agogon bango. Ka cire lilon agogon ka naɗe shi daban, ka kai gidan waya da kanka. Kuma ka daina ɓoye tsagewa a hoto ta hanyar juya abu gefe. Na sha kama ka, na yi shiru ne don hotonka ya fi nawa kyau.

Amma kada ka bar aikinka saboda shafin nan. In faɗa muku gaskiya, na bar manaja ɗaya na samu dubu a cikin waya. Wannan ya ce a auna masa faɗin akwati sau uku sannan ya ɓace. Wancan ya karɓi rediyon da ya girmi babansa, ya rage min tauraron yabo a shafin don yana shiii kafin ya kama tasha. Na hau benaye ba iyaka zuwa gidajen da aka yi rasuwa ana fitar da kaya, na tsugunna a kasuwar gwanjo har gwiwata ta daina lanƙwasuwa, na tsaya layin gidan waya da kwali a ka kamar mai ƙaura. Shekara tara ban san ranar hutu ba. Ban yi nadama gaba ɗaya ba, don na ga rana, na ji daɗin riƙe abin da wani ya so kafin a haife ni. Sai dai na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa.

Na uku. Keken ɗinki mai ƙafa na Auta ne. Ba ta iya ɗinki ba, na sani, amma tun tana rarrafe take son taka shi. Mai gyaran agogon bakin titi kuma a ba shi akwatin ƙananan sukurori da gilasai, shi kaɗai ya san amfaninsu.

Na huɗu, kuma ku buɗe kunne. Kada kowa ya goge tagullar da ke ɗakin nan, kada a yi wa akwatin ƙarfe fenti, kada a jefar da tsohon kwali ko da ya yage. Baƙin nan da kore-koren da ke jikin tagulla shi mai saye yake biya, shi ne shaidar shekarunta. Wani kwalin ma ya fi abin da ke cikinsa daraja. Wanda ba ya cikin sana'ar ba zai san haka ba, kuma ni ban taɓa gaya wa Babba ba, don duk ranar da ta tambayi sana'ata gani nake gori za ta yi min.

Kun san abin da ya faru, amma bari in rubuta shi yadda yake. Lokacin da aka fara kwantar da ni asibiti saboda tarin nan, likita ya ce ƙura ce. Babba ta ɗauki hutun kwana uku daga aikinta, ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shiga ɗakin baya. Ta fitar da kwalaye buhu shida ta ba masu shara. Ta wanke tambarin takarda daga jikin kwalabe. Ta zauna da soso da man goge ƙarfe ta bi fitilun tagulla goma sha ɗaya har suna ɗaukar ido, yatsunta duk sun ɗaye. Ranar da aka sallame ni ta riƙo hannuna har ƙofar ɗakin tana murmushi, tana jira in sa mata albarka.

Abin da na sa mata daban ne. Na ce ɓarawo ma da ya shigo bai yi min ɓarnar da ta yi ba. Na ce da gangan ta yi don ta nuna wa duniya ita ce mai gaskiya tun farko. Ta ɗauki jakarta ta fita. Dogo kuma ya ɗora nasa, ya sa hoton fitilun a zauren wayar dangi, na da da na yanzu, da dariya a ƙasa, har ƙannen babanku suka yi ta tsokaci. Tun daga ranar Babba magani take aiko min ta hannun Auta, in ta zo da kanta kuwa ta gaishe ni daga kujerar bakin ƙofa ta tafi.

Babba, asarar gaskiya ce, ba zan ce ba a yi ba. Amma bayan sharar da kika yi na fi wata uku ina shiga ɗakin nan ban yi tari ba, kuma na sani, na ƙi faɗa. Maganar fansho ma kin fi ni gaskiya, yau kuɗin maganina daga aljihunki yake fita kina cewa Auta ce. Girman kai ne ya riƙe min baki, da tsoron kada a ce tsohuwa ta bar aiki ta kama shirme. Ni na yi miki laifi, ke taimakona kika zo yi. Ki yafe min.

Na biyar. Dogo, kai za ka fara zuwa, ba ita ba. Ka je gidanta da ƙafarka, ba saƙon waya ba, ka ba yayarka haƙuri. Sannan ka koma zauren da ka yi dariyar ka rubuta cewa ka yi kuskure, inda aka ga na farkon a ga na biyun. Auta, ke kuma ki sauke kayan aike. Kin gaji da kai magana tsakanin manya kina rage mata kaifi a hanya, na lura, Allah ya saka miki.

Na shida, shi ne na ƙarshe. In lokacin ya zo, Babba nake so ta yi min wanka, Auta ta zuba mata ruwa. Kada a nemo wata daga waje. Ban san hannun da ya fi nata tsabta da tausayi ba, kuma sau ɗaya da ta miƙo min shi na ture. Ina so ya zama shi ne na ƙarshen da zai taɓa ni.

Allah ya yi muku albarka ku ukun, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku abin da Babba ta yi min, ya ba ku bakin gode musu a kan lokaci. Na yafe muku duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a gidajen juna ko ba dalili, kada kaya su shiga tsakaninku. Babba, na ce Auta ta kawo miki takardar nan tun yau, ba sai bayan raina ba. In kin samu hali ki zo tun ina gane mutane, ki wuce falon ki shigo har ciki, ina so in faɗa miki da bakina.