Ranar da Aka Fitar da Malam Daga Aji

Zuwa ga ƙanena Farfesa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yan'uwantaka, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sa wa karatunka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ummi ta shiga aji na gaba, Abba kuwa haƙora yake ta zubarwa, in ya yi dariya sai ka rantse tsoho ne. Ɗan Kawu na ba takardar ya kawo maka hannu da hannu, don abin da ke cikinta ba na waya ba ne yanzu.

Farfesa, raina a ɓace yake da kai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na saurari saƙon muryar da ka turo wa dangi. Ka ce tun da aka dakatar da zaɓe ƙasa ta samu natsuwa. Ka ce masana tun na zamanin da sun yi bayani cewa talakawa kamar marasa lafiya suke, shugaba kuma likita, kuma majinyaci ba ya rubuta wa kansa magani. Ka ce mutanenmu sai da hannun ƙarfe. Har da 'yar dariyarka a ƙarshe. To bari in faɗa maka a wane ɗaki aka kunna wannan saƙo naka, da wanda ke kwance a ciki.

Ka san mijina Malam shekara da shekaru yana koyar da darasin sha'anin mulki a sakandare. Watan jiya wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi, idan shugaba ya yi kuskure wa ke gyara masa. Malam ya ce mata a tsarin da ya sani, mutanen da suka ɗora shi su ne ke da ikon sauke shi, don mulki amana ce da aka ba shi riƙo, ba gadon gidansu ba. Abin da ke cikin littafinsu ne, bai ƙara ko gishiri ba. Wani yaro ya je gida ya ba da labari, uban ya kai gaba. Washegari da hantsi mutum biyu cikin farin kaya suka shigo har cikin aji, suka tafi da shi a gaban ɗalibai, allin ma yana hannunsa. Shugaban makaranta, wanda ya ci abinci a gidanmu ya fi a ƙirga, yana tsaye a baranda yana kallon takalminsa.

Ina asibiti ina canza wa wata tsohuwa ƙarin ruwa aka zo aka faɗa mini. Daga nan na shiga yawo. Na je wurin 'yan sanda, suka ce ba su ba ne. Na je kotu, magatakarda ya rage murya ya ce irin wannan magana ba ta biyowa ta nan yanzu. Lauyan da muka sani ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, sannan ya roƙe ni don Allah kada in ce na zo wurinsa. A wani ofishi mai dogon benci na wuni da wasu mata, kowace da kwanon abincin da ba za a karɓa ba. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ɗaga mini murya. Kowa dai cewa yake umarni ne daga sama, kuma saman nan ba ta da ƙofa balle in ƙwanƙwasa. Natsuwar da kake yabo ke nan, na gan ta da idona.

Sai da aka kusa mako uku suka ajiye shi a bakin layinmu, ba tuhuma, ba bayani. Kunnensa na hagu ba ya ji, aikin ma an ce ya zauna a gida tukuna. Yana kwance a ɗaki ina goga masa magani a baya Inna ta shigo da murnarta, ta ce ga muryar autanta, a kunna kowa ya ji. Ita ba ta san abin da ke ciki ba. Muka saurare ka tun daga farko har dariyar. Inna ta ajiye wayar ta fita, ko kallona ba ta iya yi ba.

Kada ka ce na manta da waɗanda muka zaɓa. Ɓarayi ne da yawansu, na fi ka sani, ni ce nake karɓar haihuwa da fitilar waya. Amma ka tuna ranar da kansilanmu ya zo asibiti na tsare shi a gaban jama'a, na wanke shi tas a kan rashin ruwa? Na koma gida na yi barcina, da zaɓe ya zo kuma muka kayar da shi. Yau wa zan tsare? Kuma tunda ka kawo misalin likita, aikina ke nan. Likita yakan tambayi majinyaci inda ke masa ciwo, in kuma majinyacin bai gamsu ba ya nemi wani. Wanda zai ɗaure ka a gado, ya toshe maka baki, ya ce shi ya san ciwonka, ba likita muke kiransa ba. Shi wannan shugaban naka da kake gani mai hikima, wa ya auna hikimarsa? Ranar da ya kauce, wa zai ce masa ya kauce, tunda wanda ya faɗi haka a aji ma ga yadda aka dawo da shi? Kai kana zaune a ƙasar da za ka soki shugabanta a shagon shayi ka tafi gida lafiya, sannan kake zaɓa mana sanda.

Da na ce wa Malam zan rubuto maka, sai ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce in sassauta. Ya ce, "Ra'ayinsa ne, yana da ikon faɗa. Abin da nake koya wa yara ke nan." Wallahi wannan ta fi komai ƙona mini rai. Shi yana kare maka bakinka, kai kana tafa wa waɗanda suka rufe nasa.

Ba na neman ka canza ra'ayi don ni. Karatu ka je yi, ka yi. Abu biyu kawai nake so. Kada ka ƙara ambaton sunan Malam a waya, ko da alheri ne. Sannan ka kira Inna, don tun ranar ba ta ƙara tambayar ko ka turo saƙo ba, kai kuma ka san abin da hakan ke nufi a wurinta.

Ka gaishe mini da amaryarmu da kyau, ka shafa mini kan takwarata. Kawu da Goggo suna gaishe ka, Ummi da Abba suna gaida kawunsu. Malam ma ya ce in gaishe ka, na kuma isar. Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai lafiya ka gani da idonka.

Ni ce yayarka,
Maman Ummi