Kwana Ashirin da Uku Hadiza Ba Ta Sani Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga wadda ta haife ta, ina fatan kin tarar da sauƙi da yalwa a makwancinki.

Inna, yau kwana ashirin da uku da rasuwarki, kuma har yanzu Hadiza ba ta sani ba. Dalilin wannan takarda ke nan. Na kasa zama wuri ɗaya, na share ɗakin nan sau biyu, na ɗora ruwan shayi na manta da shi har ya ƙone.

Kawu Sale ne ya yanke hukuncin tun kafin maza su dawo daga maƙabarta. Ya ce autarki cikinta wata takwas, jininta yana hawa, ga ta can ƙauyen Ingila ba dangi kusa, don haka kada wanda ya kuskura ya faɗa mata sai ta sauka lafiya. Aka buɗe sabon guruf na dangi a waya babu ita. Wayarki tana aljihun Kawu, in ta kira sai a ce kina asibiti a Zariya, likita ya hana ki magana. Ni ma na ce to. Haka muka taso muka gani, ba a jefa wa na nesa mutuwa ta waya, sai a ce masa jiki ya yi tsanani, ya taho gida. To amma Hadiza ba ta da halin tahowa.

Mijinta Nura ya sani. Bawan Allah, da sassafe yake ɗaukar jakarsa ta likitan dabbobi ya gudu cikin tumaki don kada su haɗa ido.

Kin tuna ranar da aka ce miki can aiki ya kai shi? Kika riƙe haɓa kika ce, “Duk faɗin Ingila a rasa inda za a kai mini 'ya sai ƙauye? Ai da an bar mini ita a Giwa.” Sunan garin ya ƙi zama a bakinki, kika raɗa masa Tungar Tumaki, har Nura ma yanzu haka yake kiransa.

Da na je bara na ba ki labari, amma a gurguje, don kin fi damuwa da ko tana cin tuwo. Gida tara ne, Inna, na ƙirga da kaina. Babu kanti, babu makaranta, ko coci ba su da shi. Hanya ɗaya ce ta shiga, in mota biyu suka haɗu dole ɗaya ta ja da baya. Duk inda kika duba tudu ne kore, an yayyanka shi da katangun dutse waɗanda ba siminti ba laka, dutse ne kan dutse, sun fi kakan kakan kowa a garin shekaru. Na tsaya ina tura ɗaya da hannu ko za ta motsa, Hadiza tana ta yi mini dariya.

Ta kai ni wata siririyar hanya da ta haura tudu ta bayan gidansu. Hanyar gawa suke ce mata. Da yake ba su da maƙabarta, a zamanin da in an yi mutuwa sai maza su saɓa gawa a kafaɗa su tsallake tudun zuwa babban gari. Har yanzu akwai faffaɗan dutse a tsakiyar hanya inda ake sauke ta a huta. A kansa muka zauna muka ci dambun naman da kika aiko, ban san dutsen na mene ne ba sai da muka tashi. Na yi ta salati, ita kuwa ko a jikinta.

Sai maƙwabciyarsu, tsohuwar nan mai kiwon zuma, wadda Hadiza take kira Iya Mai Zuma. Na ga baƙin ƙyalle ɗaure a jikin amyarta guda, na tambaya. Ta ce ƙanenta ne ya rasu, kuma al'adarsu ce in an yi mutuwa a gida sai a je a ƙwanƙwasa amya da makullin ƙofa a faɗa wa ƙudan zuma. Ta ce su ma 'yan gida ne, in aka ɓoye musu suka ji a waje, fushi suke yi su tashi, ba sa dawowa. Na danne dariyata sai da muka shiga gida. Na ce wa Hadiza yau na ga Turawan da suka je wata suna yi wa ƙwari ta'aziyya.

Na san camfi ne, Inna, ban canza ra'ayi ba. Amma mako uku ke nan maganar tsohuwar nan ta ƙi fita daga kaina. Ita ƙwari ma ba ta yarda su ji a bakin wani ba, mu kuwa mutum guda muka rufe.

Kullum Hadiza sai ta tura miki saƙon murya, ta turo mini kwafi ta ce in ji. A mota nake saurara, a hanyar Pleasant Garden, wani gari kusa da mu nan Greensboro, inda nake kula da wani dattijo. Tana ba ki labarin an sauko da tumaki daga tudu, an yi bikin girbi, kowane gida ya kai abin da ya noma, ita ta kai ƙosai kuma ba a bar ko ɗaya ba. Ta ce ta gyara miki ɗakin ƙasa saboda gwiwarki, kada ki sha wahalar bene in kin zo wankan jego. Ta sayi babbar tukunya. Ta ce ki taho da kanwa da ganyen darbejiya, don ta zagaye garin kaf babu ko reshe. Sau biyu ina tsayar da mota a gefen titi saboda ba na ganin gabana.

Jiya na shiga kantin Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi, a titin Gate City Boulevard. Ta rungume ni ta yi mini gaisuwa, sannan ta ciro waya ta ce, “Ba ni nimero ɗin ƙanwarki ta Ingila, ai ban yi mata ta'aziyya ba.” Na yi mata bayani, ta ce, “To ku bari ta yi deliver, amma fa mutane ba sa riƙe baki.” Gaskiya ta faɗa. Ɗiyar ƙawarki ɗaya, ko tsohuwar 'yar ajinsu, ta isa. Hadiza za ta buɗe waya ita kaɗai a gidan dutsen nan, Nura yana can bayan tudu, ta ga hotonki da addu'a a ƙasa.

In na faɗa, jininta ya hau, wani abu ya sami cikin, da wane ido zan kalli dangi? In na yi shiru ta ji a waje, da wane ido zan kalle ta? Ke ce mai raba mana irin wannan gardamar, kuma kin tafi kin bar ni da ita. Ina jin haushinki kaɗan, ki yafe mini.

Na ajiye alƙalami a nan, Inna, na dawo bayan awa uku.

Na kira Nura na ce ya bar ko me yake yi ya koma gida, ya kuma sanar da ungozomarsu ta zama cikin shiri. Ya sauke ajiyar zuciya kamar na ɗauke masa buhu daga ka. Ban nemi izinin Kawu ba. Zai yi faɗa, na sani, kuma zan durƙusa in karɓa.

Sannan na kira Hadiza. Da ta ɗauka, ta fara ba ni labarin labulen ɗakin da ta gyara miki. Na katse ta. Na ce Hadiza, ki yi salati, Inna ta rasu. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na fara ba zan ƙarasa ba.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce innalillahi har ƙarshe, sannan ta tambaye ni yaushe. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce yau kwana ashirin da uku.

Sai ta ce, “Yaya, ashe kwana ashirin da uku ina ɗaga hannu ina roƙa mata lafiya. Ko sau ɗaya ba ku bar ni na ce Allah ya jiƙanta ba.”

Ta kashe wayar. Na kira sau huɗu ba ta ɗauka ba. Nura ya rubuto cewa an auna jinin, ya ɗan hau amma ungozoma ta ce ba na tashin hankali ba ne, yaron yana motsi. Ya ce ta yi alwala tana kan darduma, ta ce kada kowa ya yi mata magana. Ban san ko za ta yafe mini ba. Wayar tana gefena, duk minti biyu sai na juya ta.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da iyayenta a Aljanna. Ka sauki Hadiza lafiya, ka sanyaya zuciyarta a kanmu. Kuma ka rubuta mata kwanakin nan da muka hana ta, kamar ta roƙa a kowace salla, don laifin namu ne ba nata ba. Amin.

Taki har abada,
'yar farinki da ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Zainabu,
daga Greensboro.